Muhawara: Ta ina ake fara binciken zayyanar matsuguni ga 'yan gudun hijirar da ba sa cikin sansani?

Ɗaliba daga Kabuga:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Akwai aikin bincike da ake so ya fitar da zayyanar ɗaki da makewayi da wurin girki ga iyalan da 'yan bindiga suka koro daga Zamfara da Katsina, da waɗanda suka taso daga Borno tun shekarun baya, suka zauna a unguwannin bayan garin Kano. An shirya fom mai tambayoyi 64 a KoboToolbox, manhajar tattara bayanai ta waya, za a cike wa gidaje 300 cikin sati biyu, sannan a zauna a yi zane. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙa'idojin da ake koyarwa duk maganar sansani suke yi, nan kuwa mutanen suna cikin kangaye da ɗakunan haya ne. Ta ina ya kamata a fara?

Akitek Ɗan Gwale:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki ajiye fom ɗin nan tukuna. Yana da ranarsa, amma fom ba ya amsa sai tambayar da kika riga kika san yadda ake yin ta. In kika ce wa magidanci "ɗakin ya ishe ku?", ko dai ya ce bai isa ba don yana zaton amsar za ta jawo taimako, ko ya ce alhamdu lillahi don kunya. Duka biyun ba za su nuna miki inda za a sa ƙofa ba.

Ki fara da gida 12 zuwa 15 kawai. Kayan aiki: tef na mita 30, ƙaramin tef na mita 5, takarda mai gidaje-gidaje, fensir. Kowace mita ɗaya a ƙasa ta zama santimita 2 a takarda. Ki zana bango da ƙofa da taga, sannan abin da ya fi su muhimmanci: inda kowa yake kwana, inda murhu yake, inda randa da jarkoki suke, inda ake wanka, inda ruwan wankan yake bi ya fita, inda aka ɗaure akuya. Kowane gida a je shi sau uku, bayan asuba, tsakanin azahar da la'asar, da bayan isha'i, domin tsakar gida ɗaya takan zama madafa da safe, wurin sana'a da rana, makwancin samari da dare.

Ki fi zuba ido kan abin da suka gyara da hannunsu. Tsohon zani da aka rataya a tsakiyar ɗaki, buhunan siminti da aka ɗinke aka yi shinge, bulo uku da aka jera a bakin ƙofa don tare ruwa, kowannensu ƙorafi ne a kan ginin, kuma sun riga sun nuna miki maganin da suke so. A sansanin Za'atari da aka buɗe a Jodan a 2012 domin mutanen Siriya, an jera ɗakuna layi-layi. Mazauna suka riƙa jan su suna haɗa na 'yan uwa wuri guda, da fili a tsakiya, suna yin makewayinsu a ciki suna barin na gayya. Daga baya dole hukumomin suka bi su da magudanar ruwa gida-gida.

Maman Sadiq:
Na yarda da Akitek, sai dai ya tsallake ƙofar shiga. Namiji ba zai shiga cikin gida bayan isha'i yana awo ba. A ƙungiyar masu bincike a samu mata aƙalla rabi, kuma su ne za su yi awon cikin gida.

A fara da gaida mai unguwa da dagaci, wannan ba makawa. Amma kada a ce mai unguwa ya zaɓo gidajen duka. Waɗanda ya sani su ne waɗanda suka daɗe, suka sami bakin magana. Wadda ta zo wata uku da suka wuce tana kwana a kangon da ba rufi ba ta cikin lissafinsa. A karɓi gida huɗu ko biyar daga wurinsa, sauran a samo su ta bakin matan, ta 'yan ga-ruwa, ta malamin makarantar allo, ta ungozoma. Mutanen Borno sau da yawa suna da nasu bulama ko dattijon da suke saurara, a neme shi daban.

Sai harshe. Kada a ɗauka kowa yana jin Hausa don yana amsa gaisuwa. Tsohuwa Babarbariya ko Bashuwa ko Bafulatana za ta ce "to, to" har a gama, ba ta fahimci rabin maganar ba. A nemi tafinta mace, kuma ba 'yar gidan ba, don surukuwa ba za ta faɗi matsalar makewayi ta bakin matar ɗanta ba.

Sannan kalmar "gida" a fom ɗinki, me take nufi? Ƙofar waje ɗaya tana iya ɗauke da tukunya huɗu. Ki ƙirga ta tukunya: su wa ke ci daga girki ɗaya. Mai mata biyu kuma ki rubuta kowace da 'ya'yanta daban, domin ɗaki ɗaya ba zai taɓa zama maganinsu ba komai girmansa.

Injiniya Na-Fagge:
Ni ina da ja kaɗan. Ana yawan zugugunta sauraron jama'a har a manta cewa akwai lissafin da ba ra'ayi ba ne. Ƙa'idojin Sphere, wato ma'aunin aikin agaji na duniya, bugun 2018, ba a banza aka kai gare su ba. Ruwa lita 15 ga kowane mutum a rana. Nisa zuwa wurin ɗiba kada ya wuce mita 500, layi kada ya wuce minti 30. Famfo ɗaya mutum 250, tuƙa-tuƙa ɗaya mutum 500. Masai ɗaya mutum 20, ko 50 a kwanakin farko na gaggawa, kuma kada ya yi nisan da ya wuce mita 50 daga makwanci. Ramin masai ya nisanci rijiya da mita 30, gindinsa ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. Kwalara ba ta jiran a gama zama da jama'a. Ɓarkewar da aka yi a sansanin Muna Garage a Maiduguri a daminar 2017 ta isa darasi. Ɗaliba ta san waɗannan lambobi da ka kafin ta ɗauki fensir.

Akitek Ɗan Gwale:
Injiniya, ba wanda ya ce a yar da lambobin. Su ne ƙasan da ba a sauka ƙarƙashinsa. Amma mu gwada ɗaya a Kano mu gani. Sphere ya ce murabba'in mita 3.5 na rufaffen wuri ga kowane mutum, ban da madafa da wurin wanka, kuma a ƙasa mai zafi tsayin rufi ya kai mita 2.6. Iyali mai mutum shida ke nan suna buƙatar 21. Ɗakin hayar da muka sani ƙafa 12 ne a kan 12, wato wajen murabba'in mita 13. Kowa ya tashi da biyu da ɗoriya. To, mai bincike ya rubuta "bai kai ƙa'ida ba", sai me? Ba za a rushe ɗakin mai gida ba.

Nan ne aikin zayyana yake. Ragowar murabba'in mita 8 ɗin a ina za a same su, kuma wa ya fi buƙatarsu? Galibi amsar ita ce rumfa mai zagayen zana a jikin ɗakin, mita 2.4 a kan 3.6, inda samari za su kwana. An umarce mu da raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma, kuma iyaye suna jin nauyin wannan fiye da matsin kansa. Ga kuma matan da aka kashe wa mazaje, mai takaba za ta yi wata huɗu da kwana goma ba ta yawan fita, tana buƙatar lungun da baƙo ba zai gan ta ba da hanyar makewayi da ba ta ratsa gaban maza ba. Babu wannan a jadawalin lambobi.

Injiniya Na-Fagge:
Wannan gaskiya ne, kuma tunda ka kawo Kano, bari in nuna inda ƙa'idata ma take karyewa. Fulotin ƙafa 50 a kan 50 mita 15 ne kowane gefe. Mita 30 tsakanin salga da rijiya ba ta yiwuwa a cikinsa, kuma ko ka nisanta da rijiyar gidan, ta maƙwabci tana bayan katanga. Don haka taswirar ɗaliba kada ta tsaya a bangon gida. Ta sa kowace rijiya da kowace shadda da ke cikin mita 30 ta kowace fuska, ta auna zurfin ruwan rijiyoyin da igiya mai dutse, sau ɗaya a Afrilu, sau ɗaya a ƙarshen Agusta lokacin da ruwa ya fi tasowa. Wanda ya auna da rani kaɗai zai haƙa ramin da damina za ta cika shi daga ƙasa.

In nisan bai samu ba, hanya biyu ce. A gina ramin da bulo a shafe shi da siminti ciki da gindi a riƙa kwashewa, ko a bar rijiyar ga wanki kawai a kawo na sha daga wani wuri a sa masa kulorin. Ragowar kulorin a ruwan sha ya tsaya tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a lita, a auna minti 30 bayan an zuba. Kuma a auna na cikin randa, ba na bakin famfo kaɗai ba, don yawancin gurɓacewa tsakanin jarka da moɗa take faruwa.

Lissafin cikar rami kuma ga shi. A ɗauki lita 60 ga mutum a shekara. Mutum 20 sun tara lita 1,200. Rami mai faɗin mita 1 a kan 1.2, zurfin mita 3, a bar rabin mita a sama, yana ɗaukar lita 3,000, wato shekara biyu da rabi. A takarda ke nan. In mutum 50 ne suke shiga, shekara ɗaya ce, kuma leda da tsumma da famfas ba sa ruɓewa, suna kuma toshe bututun motar kwasa. Ki ƙirga masu shiga da idonki daga asuba zuwa hantsi, kada ki dogara da adadin da aka faɗa miki.

Abu na ƙarshe, kada a kwafo zanen masai daga rahoton Borno a dasa a nan. Yashi yana rufta rami in ba a ɗaure shi ba. Baƙar laka ta firgi da ke wajen Dikwa da Ngala kuma ba ta tsotse ruwa, dole a ɗaga masan sama. Kowace ƙasa da nata ramin. A haƙa ramin gwaji, a cika shi da ruwa ya jiƙa, a sake cikawa a auna santimita nawa yake sauka a awa.

Maman Sadiq:
Injiniya ya gina ramin, saura a shiga. Ana iya cika kowace ƙa'ida mata su ƙi amfani da shi, su riƙa rage cin abinci da shan ruwa da rana don kada su buƙaci fita, su koma fo ko leda da dare. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne in an tambaya a keɓe. Babu sakata ta ciki. Ƙasan ƙofa a buɗe yake ana ganin ƙafa. Bangon tamfol ne, in an kunna tocila ana ganin inuwar mutum daga waje. Ƙofar tana kallon inda maza suke zaman majalisa. Ko kuma an kafa shi yadda mai tsugunno zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, dattawa su ƙaurace masa gaba ɗaya. Daga Kano alƙibla gabas take da ɗan karkata arewa, sai a juya mazaunin ya kalli kudu ko arewa. Tun ran gini ran zane, in an zuba siminti an gama.

Fitila ma da dabara. In makewayi ne kaɗai wuri mai haske a layin, samari za su mai da gindin fitilar wurin hira, ka ga an ƙara korar matan. A haska hanyar da sauran wurare tare, ko a ba kowace mace ƙaramar fitilar sola ta hannu.

Kuma a zauna da 'yan mata daban, mutum shida zuwa takwas, ba uwa ba suruka a wurin, kada zaman ya wuce awa ɗaya da rabi. A tambaye su inda suke wanke ƙunzugu da inda suke shanya shi. In babu lungun shanya mai rana da ido ba ya kaiwa, a ƙarƙashin katifa yake bushewa da danshi, daga nan ciwon sanyi da ƙaiƙayi. Magudanar wurin wankan ma a rufe ta, don ba wadda za ta yarda jan ruwa ya bi ta tsakar gida.

Ɗaliba daga Kabuga:
Anti, na gode. To masu lalurar tafiya da tsofaffi fa?

Injiniya Na-Fagge:
Ƙofa santimita 90, tana buɗewa waje. Gangara kada ta fi ɗaya cikin 12, wato hawan santimita 30 yana buƙatar tsawon mita 3.6. Ƙarfen riƙewa a gefe biyu, da kujerar katako mai rami da za a iya ɗagawa a wanke. Kuma a fom kada a ce "akwai naƙasasshe a gidan?", za a ce babu. A tambaya ko akwai mai shan wahalar gani, ji, tafiya, tuna abu, wanka da sa tufafi, ko fahimtar magana, ɗaya bayan ɗaya.

Baba Kafinta Na'ibawa:
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Ku bar ni in sa baki a kan rumfar da Akitek ya faɗa, don a wurinmu ake sayen katakon.

Tamfol ba rana ce kaɗai take kashe shi ba, kaɗawa ce. In bai ɗaure tam ba, iska tana buga shi a jikin katako har ya tsage. Kuma kusa tsirara ba a buga ta a tamfol. A naɗe bakinsa a jikin siririn katako sannan a buga, ko a sa guntun robar taya ko murfin kwalba a ƙarƙashin kan kusar. Rufin ya sami gangara sosai, in ya kwanta ruwa zai taru ya yi ciki ya ja shi ƙasa.

Ginshiƙi a sa tu-bai-fo, wato katako mai inci biyu a kan huɗu, na sama tu-bai-tiri, tu-bai-tu na shinge ne kawai. Gindin ginshiƙi ya shiga ƙasa rabin mita ko fiye, a shafe shi da baƙin mai tukuna, in ba haka ba gara ta gama da shi kafin damina biyu. Ɗanyen katako ya fi araha, amma yana bushewa ya murɗe ya saki kusa. Sannan kowace kusurwa a sa mata katako a karkace. Rumfar da ba ta da wannan, iskar farkon damina tana kwantar da ita gefe guda. Rufin kwano kuma a ɗaure shi da langa-langa zuwa jikin ginshiƙi, don iska daga ƙasa take ɗaga shi, kusa kaɗai ba ta riƙewa.

Roƙona ga masu zane, ku zo kasuwa kafin ku zana. Katako da kwano kowanne da tsawon da yake zuwa da shi. In kuka zana abin da bai dace da tsawon ba, kowane ɗaki sai an yanke an zubar, kuɗin ɗaki goma ya gina takwas. Kuma duk abin da ba a samun sa a Na'ibawa ko Ƙofar Ruwa, ranar da ya karye ya tafi ke nan.

Akitek Ɗan Gwale:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarku ta ƙarshe ita ce ta fi cin manyan ayyuka, ita da rashin gwaji. Ɗakin Better Shelter da gidauniyar kamfanin kayan ɗaki na IKEA ta yi tare da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, murabba'in mita 17.5 ne na mutum biyar, an yi shi ya kai shekara uku, har ya ci kyautar zayyana. Amma a ƙarshen 2015 birnin Zurik na Suwizalan ya fasa amfani da shi bayan gwajin gobara, sai da aka sake masa fasali. In abin da ya sami wannan kuɗi da ƙwararru ya yi tuntuɓe, zanen da ba a gwada ba fa?

Ƙanwata, gwaji mataki uku ne. Na farko a ƙasa: turaku da igiya da toka, a shata ɗakin da girmansa na gaskiya, a kawo tabarmi da katifa da jarkoki na gaske, matan gidan su shimfiɗa yadda za su kwana, su matsar da igiyar inda suke so. Kada a nuna musu zanen takarda a ce "ya yi?", wanda bai saba karanta zane ba zai ce ya yi. Na biyu, a gina guda biyu ko uku da suka bambanta da abu ɗaya tak, misali ɗaya kwano tsirara, ɗaya kwano da zana a ƙarƙashi da tazarar iska, ɗaya da taga biyu masu kallon juna. Na uku, a bar mutane su zauna ciki a auna. Ƙaramar na'urar da ke ajiye ma'aunin zafi a rataye ta a tsakiyar ɗaki, kamar mita ɗaya daga ƙasa, wata a waje cikin inuwa, su riƙa ɗauka duk minti 15 har sati biyu. A yi a Afrilu lokacin da zafi yake haura 40, a yi a Agusta don yoyo, a yi a Janairu. Na Janairun ne ake mantawa. Tagar da ta ceci mutum a bazara ita ce za a toshe da tsumma a hunturu, a shigo da kaskon wuta ciki, ga hayaƙi ga gobara. Taga ta zama mai buɗewa da rufewa.

Zana tana sanyaya ɗaki amma abincin wuta ce. Murhu ya nisance ta, a yi masa ɗan bangon ƙasa ta gefen iska, kuma tsakanin rumfa da rumfa a bar aƙalla mita 2, in da hali ninki biyu na tsayinta.

Maman Sadiq:
Tunda an zo murhu. Duk murhun zamani da za a kawo, a gwada shi da tuwo, ba da tafasa ruwa ba. Mai tuƙi tana danna muciya da ƙarfi, in tukunya tana rawa a kai za ta koma kan duwatsunta uku a ranar. A kawo tukunyar gidan ta gaske, ba ƙarama ba. A auna itacen da gida yake ci da sikeli kwana uku a jere kafin a kawo sabon murhu, a sake kwana uku bayan sun saba da shi. Kuma a tambaya ko akwai mai jego. Wankan jego safe da yamma har kwana arba'in yana cin ruwa da itace fiye da girkin gidan, lita 15 ɗin Injiniya ba ta san da shi ba.

Dakta:
Duk kun yi maganar gini, ni ta mutanen zan yi. Kafin a taka ƙofar kowa a sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Neman yarda a yi shi da baki cikin harshen mutum, a gaya masa ƙarara cewa amsarsa ba za ta sa a ba shi komai ba, ƙin amsawa kuma ba zai hana shi komai ba. A maimaita wannan, don duk mai riƙe da waya yana rubuta suna, a idon wanda ya rasa komai mai rajistar tallafi ne.

Ki duba tambayoyinki 64, ki cire duk wadda amsarta ba za ta canza layi ɗaya a zane ba. "Me ya faru ranar da aka kawo muku hari?" ba ta da aiki a binciken makewayi. Tono ciwo ne ba tare da magani a hannu ba. In mace ta fara ba da labarin da kanta, a saurara, kada a rubuta, kada a ƙara tambaya, kuma mai binciken ta riga ta san asibiti ko ofishin da za ta nuna mata tun kafin ta fito aiki.

Injiniya Na-Fagge:
Dakta, a nan ina ganin kada a ba da kuɗi ko kaɗan. Da zarar an ji ana biya, gobe layi zai cika da waɗanda ba su ne ake nema ba, amsoshin kuma su lalace.

Maman Sadiq:
Yallabai, ban yarda ba. Matar da take wankau ko surfe ko ɓarar gyaɗa, awa biyun da ta ba ku abincin daren 'ya'yanta ne. Ku kuna karɓar alawus, ita da ta ba da ilimin ta tashi hannu rabbana? A biya ta daidai abin da za ta samu a wannan lokacin, kuɗi ko sabulu, bayan an riga an zaɓi mahalarta, kuma kowa daidai. Abin da yake ɓata amsa shi ne kyauta mai yawan da talaka ba zai iya cewa a'a ba.

Dakta:
Ina bayan Hajiya, da sharaɗin a rubuta adadin a takardar da za a kai wa kwamiti, a kuma faɗe shi a gaban kowa.

Barista:
Abu biyu. Na ɗaya bayanai. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta hau kan mai bincike kamar yadda ta hau kan banki. Amma ko ba doka, ku duba haɗarin: suna, garin asali, lambar waya da alamar ƙofar gida a taswira a fayil ɗaya, na mutumin da ya gudo daga waɗanda suka san shi. A kashe ɗaukar wuri a fom, ko a tsaya a sunan unguwa. Kowane gida a ba shi lamba, takardar da ta haɗa lamba da suna ta zauna daban a kulle. Hoto a ɗauki bango da murhu, ban da fuska. Kada a tura komai ta zauren WhatsApp. A 2021 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda bayanan 'yan Rohingya da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara a Bangaladash suka kai hannun gwamnatin Myanmar da suka gudo daga gare ta. In ya faru da babbar hukuma, wayar ɗalibi ba ta fi ƙarfinsa ba.

Na biyu, kango da mai shi. Kun sa rufi, kun gina masai, kun ja ruwa. Wata uku mai fili ya ga wurin ya zama na haya, ya ce su tashi ko su biya. Kun gyara masa gida da sunan taimakon wasu. Kafin a buga kusa ɗaya a yi takarda tsakanin mai fili da mazauna, mai unguwa da shaidu biyu su sa hannu: shekara nawa za su zauna, ba ƙarin haya a cikinsu, wa'adin sanarwa kafin tashi, da jerin abin da za su cire su tafi da shi.

Akitek Ɗan Gwale:
Wannan jerin na Barista shi ma aikin zane ne. Ko sansanonin gwamnati ba su dawwama ba, an rufe na Bakassi a Maiduguri a ƙarshen 2021, kuma ambaliyar madatsar Alau a Satumban 2024 ta sake tayar da mutanen da suka riga suka yi hijira sau ɗaya. Don haka a raba kayan gida biyu. Abin da zai zauna a ƙasa, rami da daɓe, a kashe masa mafi ƙarancin kuɗin da zai yi aiki. Abin da zai bi iyali, kwano, ƙofa, taga, tankin ruwa, murfin masai, a yi shi yadda zai kwance ya hau kura ko a-daidaita-sahu.

Maman Sadiq:
Kuma 'yan unguwa su shiga binciken tun farko. Maƙwabcin da ya ba su wuri shi ma jarka yake saya a wurin 'yan ga-ruwa. Famfon da aka ce na baƙi ne kaɗai gaba yake haifarwa. Cikin gida 15 ɗin farko, huɗu ko biyar su zama na 'yan gari.

Ɗaliba daga Kabuga:
Allah ya saka da alheri. Ke nan fom ɗin ya koma bayan awo da zama da mata, kuma zai ragu sosai. Amma wata shida kawai aka ba aikin, ba zai ga bazara da damina da hunturu duka ba.

Akitek Ɗan Gwale:
To ki sa shi ya fara a Maris. Wata ɗaya izini da awo, ginin gwaji ya tsaya kafin tsakiyar Afrilu ya sha zafi, ya ga iskar farkon damina, ya kai Agusta. Na hunturu ki rubuta a rahoto cewa ba a gwada ba, ki bar na'urar awon a hannun wanda zai ɗauko miki a Janairu. Kafin ki miƙa rahoton ki koma wa matan da sakamakon, da baki, a tsakar gidan da kika yi awo, su gyara miki inda kika fahimta a karkace.

Baba Kafinta Na'ibawa:
'Yata, in za a yi na gwajin, kada a kawo kafinta daga gari ya gama ya tafi. Cikin mutanen nan akwai magina da masu saƙar zana da kafintoci, a ɗauki biyu a biya su su yi tare da namu. Inda za a riƙa kwancewa a sa noti maimakon kusa, girma ɗaya duka, don sifana ɗaya ta isa. A bar musu sifanar da guduma da kilo ɗaya na kusa inci uku a hannun wanda suka yarda da shi.